Kwaɗon kan tsauni ba burduddugin fadama ba ne

Wani malamin sakandare daga Kumo ya aiko da tambaya. Ya ji a rediyo ana cewa sauyin yanayi na neman ƙarar da wasu kwaɗi masu zama a kan tsaunuka, har an sa su cikin jerin halittun da ke gab da ɓacewa. Shi kuwa ya san kwaɗin garinsu suna shan zafin Maris da Afrilu, ma'auni ya haura digiri 40, a yi wata shida ba ɗigon ruwa, amma daren da aka yi ruwan farko kukansu ya hana kowa barci. To yaya za a ce ƙarin digiri 1 ko 2 zai kashe kwaɗo, a kan dutsen da ma sanyi ya yi masa yawa? Ko dai zuzutawa ce irin ta Turawa? Ɗalibansa ne suka tambaye shi, yana neman abin da zai gaya musu.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Na ji daɗin tambayar nan, don daga abin da idonka ya gani ka ɗauko ta, kuma abin da ka gani ɗin gaskiya ne. Kuskuren ɗaya ne kawai: ka auna kwaɗon tsauni da mudun kwaɗon fadama. Sunansu ɗaya, kamanninsu kusan ɗaya, amma rayuwarsu ta sha bamban kamar ta raƙumi da ta dorina.

Bari mu fara daga fata, don a nan maganar take. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Idan ka taɓa ɗaga randa da rani ka tarar da kwaɗo ya lafe a gindinta, ya manna cikinsa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, to ba hutu yake yi ba, sha yake yi. Akwai wani yanki na fatar cikinsa, wajen tsakanin cinyoyi, da ke tsotsar ruwa kai tsaye zuwa jini. Wani kaso na numfashinsa ma ta fata yake shiga, kuma hakan ba ya yiwuwa sai fatar tana da danshi. Ƙofar da ruwa ke shiga kuwa ta nan yake fita. Jikin kwaɗo kamar sabuwar randa yake, kullum cikin naso. Ƙadangare yana da ɓawon da ke riƙe masa ruwan jikinsa, shi ya sa za ka gan shi a kan katanga da tsakar rana yana gyaɗa kai. Ɗora ɗan ƙaramin kwaɗo a wurin nan, kafin la'asar ya zama kilishi. Ga shi kuma jikinsa ba ya haɗa ɗumin kansa kamar namu. Yadda wuri yake, haka jininsa yake.

To da me namu suke tsira? Da dabaru, Malam, waɗanda suka gada tun kaka da kakanni a ƙasar da rani ya fi damina tsawo. Wasunsu idan kaka ta wuce sai su tona ƙasa su nutse, mafitsararsu cike da ruwa kamar salka. Akwai ma wanda fatarsa ke saɓulewa hawa-hawa ta bushe a jikinsa ta zama masa kwanso, hanci kaɗai ya bari a buɗe, bugun zuciya ya ragu, ya kwanta kamar gawa har ruwa ya dawo. Wasu su koma bakin kogin Gongola, ko gefen dam na Dadin Kowa da Balanga, ko rijiyoyin lambu. Idan ruwa ya sauka, mace guda ta zuba ƙwai dubbai a dare ɗaya. 'Ya'yan, masu wutsiyar nan da yara ke kamawa a kududdufi, wasu irin cikin kamar mako uku sun yi ƙafa sun fito tudu. In kududdufin ya ƙafe sun mutu, ba komai, ruwa na gaba a sake zubawa. Babban jarinsu kuma shi ne faɗin ƙasa. Kwaɗon da ke Kumo shi ne a Azare, shi ne a Katsina, shi ne har Senegal. Fari ya cinye na wannan yanki, na maƙwabta su cike gurbin.

Yanzu ka ajiye wannan a gefe, in kai ka wani dutse a nan Afirka ta Yamma, don kada a ce sai labarin ƙasashen Turawa muke kawowa.

A inda iyakokin Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗu akwai tsaunin Nimba, ƙololuwarsa mita 1,752. A can sama, daga wajen mita 1,200 zuwa ƙarshe, daji ya ƙare, sai ciyawa a kan dutse mai arzikin ƙarfe. A cikin ciyawar nan akwai wani ɗan kwaɗo da tsawonsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kamar gaɓar yatsa. An fara bayyana shi a ilmance a 1943. Duk duniya babu inda yake sai nan, kuma filin da yake zaune a kai 'yan murabba'in kilomita ne kaɗan. Abin da ya sa masana ke ji da shi: ba ya ƙwai. Haihuwa yake yi. Macen tana ɗaukar ciki wata 9, tana ciyar da 'ya'yan da wani ruwa da mahaifarta ke fitarwa, sannan ta haife su cikakkun kwaɗi, kowane bai kai tsawon ƙwayar wake ba. Duk shekarar da na faɗa wa ɗalibaina wannan sai wani ya yi dariya ya ce Malam wasa yake. Ba wasa ba ne, ikon Allah ne. Kan dutsen kusan babu tafki ko kududdufin da zai riƙe ruwa, sai uwar ta zama ita ce kududdufin.

Duba yadda shekararsa take tafiya. Suna barbara a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba. Rani na shigowa su shige tsagar duwatsu, su yi watanni a can, cikin yana nan amma girmansa a hankali yake tafiya. Ruwan farko na sauka, wajen Maris ko Afrilu, su fito. A nan ne uwar take bukatar ƙwari da yawa, don mafi yawan girman 'ya'yan a wannan tsakanin yake. Wajen Yuni ta haihu. 'Ya'yan kuma suna da daga Yuni zuwa Oktoba su ci su yi ƙwari yadda za su iya jure ranin farko; wasu matan ma a cikin watannin nan suke balaga su ɗauki nasu cikin. Duk wannan kai-komo a fili yake gudana, a cikin ciyawa, ba inuwar itace, kuma abin da ke hana su bushewa shi ne gajimaren da ke sauka ya lulluɓe kan dutsen kusan kullum da damina.

Kai manomi ne ko ɗan manomi, don haka ka riga ka ga inda na dosa. Idan damina ta yi jinkiri da mako uku kuma ta ɗauke da wuri, mai dawa mai nauyi shi ke kuka. Amma manomi yana da mafita. Baɗi sai ya nemi iri mai sauri, ya shuka gero ko wake ɗan arba'in. Wannan kwaɗo ba shi da ɗan arba'in. Cikinsa wata 9 ne, ba ya ragewa. Ruwa ya makara, uwa ta daɗe a rami tana cin kitsen jikinta, ta fito a rame, ta haifi 'ya'ya ƙanana ko kaɗan. Ruwa ya ɗauke da wuri, 'ya'yan su shiga rani ba su yi ƙwari ba. Kuma dabba ce da ba ta wuce 'yan shekaru a duniya, 'ya'yanta a haihuwa ɗaya ba su kai ko kusa da dubban ƙwan namu ba. Munanan damina uku a jere sun isa su karya zuriyar, babu kuma wani dutse a maƙwabta da za a ce 'yan'uwa za su taso daga can su cike gurbi. Ka ga har yanzu ban ce zafi ya dafa kowa ba.

Sai maganar digiri 1 ko 2 da ka raina. A nan lissafi ne mai sauƙi, ka iya yin sa a allo. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Shi ya sa idan ka tashi daga Bauchi, wadda ke wajen mita 600, ka wuce Toro ka fara hawa zuwa Jos, wadda ke wajen mita 1,200, sai ka ji kana neman rufe gilashin mota. Juya lissafin: ƙarin digiri 1 daidai yake da a ɗauki yanayin wani wuri a matsar da shi sama da mita 150. Duniya kuwa ta riga ta ƙara kamar digiri 1.1 a tsakanin 2011 da 2020 idan an gwada da ƙarshen ƙarni na 19, kuma 2024 ita ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Gidan kwaɗon Nimba gaba ɗaya, daga mita 1,200 zuwa 1,752, mita 550 ne da 'yan kai. Wato duk duniyarsa ba ta kai faɗin digiri 4 ba. Cire digiri 2 daga ciki, ka ɗauke masa fiye da rabin tsayin gidansa. Kuma asarar ta fi haka, don dutse kamar dalar gyaɗa yake, kowane hawa ya fi na ƙasa da shi ƙanƙanta. Rabin sama na dala ai ba rabin buhunan ba ne. Lissafin nan na gwaji ne, dutse na gaske yana da kwazazzabai da ɓangaren inuwa da ke riƙe sanyi, amma alkiblar ba ta canzawa. Dabbar fili idan wuri ya yi mata zafi sai ta yi arewa ko kudu. Dabbar tsauni sama kaɗai take da shi, sama kuwa tana da ƙarshe. Kuma ba a bar mata saman ita kaɗai ba: halittun ƙasa, masu cinta da masu cin abincinta, su ma suna hawowa bayanta.

Akwai wata kalma da ke rikita mu a Hausa idan ana wannan zance, wato hazo. Mu hazon da muka sani na hunturu ne, ƙura ce busasshiya mai fasa leɓe da diddige. Hazon kan tsauni kishiyarsa ne. Gajimare ne da kansa yake tafiya a ƙasa. Na fara ganin sa sosai a hanyar Mambila, bayan an bar Serti an wuce Mayo Selbe an kama hawan nan mai kwana-kwana. Direba ya kunna fitila da hantsi, na miƙa hannu ta taga, na dawo da shi a jiƙe, alhali ba a ruwa. Ganye da ciyawa da gansakukar jikin itace suna tatsar wannan hazo, ya riƙa ɗiga ƙasa dare da rana. A dazukan kan tsauni wannan ɗigon shi ke riƙe danshi a kwanakin da ba a yi ruwa ba. Gajimare kuwa yana da tsayin da yake haɗuwa, inda iska mai ɗumi ta hau ta huce har tururin cikinta ya zama ɗigo. Idan ƙasa da teku suka ƙara ɗumi, ko aka sare dajin gindin dutsen, wannan tsayi na iya matsawa sama. Wurin da ya saba kwana cikin gajimare sai ya wayi gari yana hango shi a bisa kansa.

Labarin da ya sa duniya ta farga ya faru ne a Kosta Rika, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, a wani dajin tsauni mai suna Monteverde. Akwai wani kwaɗo a can da namijinsa launin ruwan lemo ne mai ƙyalli, har ake ce masa kwaɗon zinariya. An bayyana shi a 1966. Yana zaune ne a wani ɗan yanki a wajen mita 1,500, yana ɓoye a ƙasa kusan duk shekara, sai farkon damina ya fito ya yi ƙwai a 'yan ramukan ruwa da ke tsakanin saiwoyin itace. A 1987 wata masaniya Ba'amurkiya, Martha Crump, ta ga wajen 1,500. Shekarar ta zo da zafi da bushewa saboda El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke rikita damina a sassan duniya. Ramukan suka ƙafe da ƙwan a ciki. Daga ƙwai sama da 40,000 da ta ƙirga, waɗanda suka yi rai ba su kai 30 ba. Shekara ta gaba 'yan ƙalilan aka gani. Ranar 15 ga Mayu 1989 aka ga namiji guda, shi ne na ƙarshe. A 2004 aka ayyana cewa irin ya ƙare. Kuma ba shi kaɗai ba: cikin nau'in kwaɗi 50 na wannan yanki, 20 sun ɓace a wannan tsakanin. Abin da ya fi tayar da hankali, dajin a killace yake, ba mai sara, ba mai noma, ba mai feshi.

A nan zan faɗa maka abin da rediyo ba ta cika samun lokacin faɗa ba, kuma shi ne inda shakkarka take da ƙafa. Masana sun yi shekaru suna jayayya a kan wanda ya kashe kwaɗon zinariya. Alan Pounds, wanda ya daɗe yana aiki a Monteverde, ya nuna a 1999 cewa kwanakin da ba hazo suna ƙaruwa a dajin tun shekarun 1970, ya ɗora laifin a kan ɗumamar yanayi. Amma a daidai lokacin aka gano wani mai laifin. A 1998 aka bayyana wata cutar fata da ke kashe kwaɗi a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, a 1999 aka raɗa wa ƙwayar suna. Dangin fumfuna ce, kamar masu kawo mana makero da ƙyasbi, ana ce mata kitrid. Mu makero ƙaiƙayi kawai yake sa mu. Ga dabbar da ke sha da numfashi ta fata, mutuwa ce: fatar ta yi kauri, gishirin jini ya rikice, zuciya ta tsaya. Wata masaniya, Karen Lips, ta bi sawun cutar tana gangarawa kudu daga dutse zuwa dutse kamar wutar daji, har ta ga isowarta wani wuri mai suna El Cope a Panama a 2004, kwaɗi suka yi ta zuba a gabanta. Ita da wasu suka ce annoba ce baƙuwa, ko yanayi bai canza ba za ta yi ɓarnarta. Binciken 2018 ya nuna asalinta daga gabashin Asiya ne, yankin Koriya, kuma fataucin dabbobi ne ya yaɗa ta. Wani na 2019 ya ƙirga nau'i 501 da ta rage, 90 daga ciki ana jin sun ƙare.

To sauyin yanayi zai ce ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni? Ni dai a nawa karatun, ko ratayar ce ba ta wanke shi ba. Ƙwayar kitrid ta fi jin daɗi tsakanin digiri 17 da 25, kuma idan zafi ya haura 30 ya daɗe sai ta mutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ɓarnarta ta fi yawa a tsaunuka masu sanyi da danshi. 'Ya'yanta a ruwa suke iyo. Idan fari ya zo, kwaɗin da da suke warwatse sai su cunkushe a ɗan wurin da ya rage da laima, mai cuta da lafiyayye jiki na gugar jiki. Ga yunwa, ga ƙishi, garkuwar jiki ta yi rauni. Akwai kuma binciken da ya nuna kwaɗon da ya saba da sanyi ya fi kamuwa idan aka yi ɗumin da bai saba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani abin ban sha'awa: a 2024 wasu masana a Ostareliya sun nuna cewa idan aka jera bulo mai ramuka aka shafa masa baƙin fenti aka rufe da leda a rana, wani kwaɗonsu na fili yana shiga ya gasa jikinsa har cutar ta mutu. Magani mai arha ƙwarai. Amma zafin da ke warkar da wancan, shi zai hallaka na kan tsauni kafin ya hallaka cutar.

Idan kana son ganin abin da ɗauke danshi kaɗai ke yi, Tanzaniya ta nuna mana. A kwazazzabon Kihansi, cikin tsaunukan Udzungwa, akwai ɗan kwaɗon da ke rayuwa a feshin da ruwa ke yi idan ya faɗo daga kan dutse, a filin da bai wuce hekta 2 ba. Aka gina dam na lantarki, wajen shekarar 2000 aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan. Feshi ya ɗauke, ciyawar wurin ta canza. Aka kafa bututun yayyafi don a kwaikwayi feshin, aka kuma kwashi 499 zuwa gidan namun daji a Amurka. A 2003 sauran da ke kwazazzabon suka rushe, kitrid na cikin dalilan, a 2009 aka ce babu shi a daji. Jikokin waɗancan 499 ne aka fara mayarwa a 2012. Dam ne ya yi wannan, amma abin da ya yi cikin 'yan watanni shi ne abin da ɗagawar gajimare ke yi cikin shekaru.

Shi kansa kwaɗon Nimba, in za a yi adalci, abin da ya fi tsaya masa a wuya yau haƙar ƙarfe ne. Dutsen da yake kwana a tsagarsa shi ne dukiyar da kamfanoni ke nema. Ɓangaren Laberiya an haƙe shi tun shekarun 1960, ɓangaren Gini da Kwaddibuwa kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari tun 1992. Gaba kura, baya sayaki. Don haka idan ɗalibi ya tambaye ka ko sauyin yanayi ne kaɗai, ka ce masa a'a. Idan ya ce to ashe ba shi da hannu, ka ba shi wannan: a 2023 an fitar da babban nazari na biyu a kan kwaɗi da danginsu na duk duniya, nau'i 8,011, aka samu kusan kashi 41 cikin 100 suna fuskantar ƙarewa, fiye da tsuntsaye, fiye da dabbobi masu shayarwa. Cikin waɗanda halinsu ya ƙara taɓarɓarewa daga 2004, sauyin yanayi ne babban dalili a kashi 39 cikin 100, lalata muhalli na biye da 37. A zangon da ya gabaci wannan, cuta ce ke kan gaba.

Mu ma muna da irin waɗannan duwatsu, ko da yake ba a jiharku ko tamu ba. Duwatsun Tula da na Dass da Zaranda suna da nasu halittun, amma dajin da ke kwana cikin gajimare sai ka je Taraba: Mambila, dajin Ngel Nyaki, da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, a yankin Gashaka Gumti. Sarƙar tsaunukan nan ita ce ta miƙe cikin Kamaru, kuma tana cikin wuraren da suka fi yawan kwaɗin da babu su a ko'ina a duk Afirka. A can akwai tafkin Oku, a sama da mita 2,200, mai wani kwaɗo da duk duniya sai a wannan tafki guda. Ranar da wani ya zuba kifi a ciki don neman na cefane, zancensa na iya ƙarewa. A tsaunukan Oku da Manengouba an riga an rubuta raguwar kwaɗin da a da ake takawa saboda yawa. An kuma samu ƙwayar kitrid a jikin kwaɗi a Najeriya, har da Gashaka. A kudu, a duwatsun Idanre na jihar Ondo, akwai wani kwaɗo namu na kanmu da aka yi fiye da shekara 40 ba a gani ba sai a 2013. Abin da na gani da idona a Mambila shi ne 'yan guntayen daji a maƙale cikin kwazazzabai, kewaye da ciyawar da ake ƙonawa duk rani don sabon tsiro, shanu na sauka cikin rafukan suna tattake bakinsu. Ban ga laifin makiyayi ba, abincinsa yake nema. Amma wuta a shekarar da rani ya tsawaita ba ta tsayawa inda ta saba tsayawa, takan ci bakin dajin, baɗi ta ƙara ci.

Na san cikin ajinka akwai wanda zai ɗaga hannu ya ce, Malam, mutane na fama da tsadar masara, ina ruwanmu da kwaɗon Gini? Kada ka hana shi, tambaya ce mai kyau. Ka fara tuna masa cewa Abu Dawud ya ruwaito wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, sai ya hana kashe shi. Sannan ka gaya masa abin da ya biyo bayan mutuwar kwaɗi a Kosta Rika da Panama: wani bincike na 2022 ya samu zazzabin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru a gundumomin da abin ya shafa, bayan masu cin ƙwari sun ragu. Sai ka ɗauko taswira ka nuna masa inda kogin Gongola ya taso, wato tsaunukan Jos, kafin ya ratsa Bauchi ya zo ya cika Dadin Kowa. Ruwan da ake noman shinkafar rani da shi a can, a kan tudu ya fara sauka. Kogunan Taraba da Donga da ke ciyar da Binuwai su ma daga tsaunukan can suke. Kwaɗon tsauni, saboda wannan fata tasa, shi ke fara jin bushewar wurin da ruwanmu ke fitowa, tun ma'aunin injiniya bai nuna komai ba.

Namu na fadama kuwa kada juriyarsu ta sa mu sakankance. Zafi ba ya kashe su, amma maganin ciyawa da na ƙwari da muke fesawa a shinkafa, mu wanke tankin feshin a kududdufi, ta fatar nan yake shiga. Ga masu kama su buhu-buhu a ƙyafe a yi kudu da su.

Tunda kana da aji a hannu, ga aikin da ba ya cin ko sisi. Ku sami littafi guda ku ajiye a makaranta. Kowace shekara a rubuta ranar ruwan farko, daren da aka fara jin kukan kwaɗi, murya iri nawa aka iya bambancewa, da ranar da kududdufin da ya fi kusa da makaranta ya ƙafe. Wanda ke da waya ya naɗi kukan na minti biyu a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan sallar isha'i. Abin da aka sani game da bushewar Monteverde, an san shi ne don wasu sun yi ta rubuta ruwan kowace rana tun ba wanda ya san zai yi amfani. Idan kuma Allah ya kai ku yawon buɗe ido Mambila ko Gashaka, ku wanke takalmanku ku shanya su su bushe ƙayau kafin ku shiga rafi da bayan kun fito, don ƙwayar kitrid ba ta jure bushewa, kuma a laka take bin mutane daga wannan rafi zuwa wancan. Kada kuma yara su ɗauko kwaɗo ko 'ya'yansa a gora su kawo gida. A gaida ɗaliban.